Gandun Baba da Gidan Mai Hular Gashi

Tun da na dawo daga Ingila ba a bar ni na sha iska ba. A masallaci a tambaye ni, a kasuwar Bici a tare ni, har mai facin da ke bakin titin Bagwai sai da ya ajiye tayar da ke hannunsa ya ce, "Malam Idi, wai da gaske ne can ba a ganin rana?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki nasa ya tafi ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Mu uku Baba ya bari. Ni ne babba, sai Ladi da ke aure a Ɗambatta, sai autanmu Sanusi. Lokacin da aka zo ɗibar yara zuwa boko, Baba ya riƙe ni saboda gona ya ba da Sanusi. Shi ya yi ta karatu har ya zama likita a Ingila, ni kuma na yi ta noma har bayana ya ranƙwafa. Ban ce ina yi masa hassada ba, Allah ya tsare, amma kishi kam akwai shi. Duk ranar da na ji mutane suna cewa "yayan Dakta ne", kamar ni ba ni da suna, sai in ji abincin ranar ya fita daga raina.

Tun rasuwar Baba ba a raba gandunsa ba, ni ke noma shi duka. Kun kuwa san yadda ƙasa take a wajenmu, gona na jikin gona, ko wurin ɗaure jaki sai an yi shawara da maƙwabci. Gandun nan shi kaɗai ya rage babba a unguwarmu, da rijiya a ciki da mangwaron da na dasa da hannuna. Kwatsam Sanusi ya kira ni a waya ya ce, "Yaya, ya kamata a raba gonar nan kowa ya san nasa." Na garzaya wurin Ladi, ta ce ita duk abin da Sanusi ya yanke ya yi mata. Don haka da ya ce in zo in ga iyalinsa in huta, na amsa da sauri. Ba hutu ya kai ni ba. Na tafi ne in zaunar da shi ido da ido, in sa ya bar min gandun nan a dunƙule.

Wahalar ta fara tun daga Abuja, wajen neman biza. Akwai wani ɗan gilashi da ake ɗora yatsu a kai ya ɗauki zanensu. Na ɗora, ya ƙi. Yarinyar da ke wurin ta goge gilashin, na sake ɗorawa, ya sake ƙi. Ta juya tafin hannuna ta duba ta ce, "Baba, wane aiki kake yi?" Na ce noma. Ta ce ai fartanya ta cinye zanen. Sai da ta ɗiga min wani mai na murtsuke, ta danne yatsun da nata hannun kamar mai tatsar akuya, sannan abin ya yarda ni mutum ne.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar kasuwa, mutuniyar Kano, wadda ta saba da hanyar. Ita ta ɗaura min ɗamarar kujera, ita ta nuna min abin da zan ci da wanda zan ƙyale. Abin da ba ta gaya min ba shi ne halin banɗakin jirgi. Na gama abin da ya kai ni na danna wani maɓalli, sai na ji wata irin ƙara kamar jirgin ya tsage. Na fito da wandona a hannu ina salati. Hajiya ta yi dariya har da share hawaye da gefen mayafi, ni kuwa ban ƙara shan ko ruwa ba har muka sauka.

A wajen duba fasfo na tarar da wani mutum da ƙaton rawani da gemu har ƙirji. Na ji daɗi, na ce yau ga malami a bakin ƙofa. Na yi masa sallama cikakkiya, har da "Allah gafarta Malam". Ya yi murmushi ya buga min hatimi. Daga baya Sanusi ya ce min mutanen Indiya ne masu wani addini nasu daban, rawanin al'adarsu ce. Gaba kaɗan kuma kare ya tona min asiri. Ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi, aka buɗe aka kwashe kilishin da na yi wa Sanusi tsaraba, aka ce ba a shiga da nama. Daddawa kuwa ma'aikacin ya sunsuna sau ɗaya ya mayar min da abata da sauri.

Gidan Sanusi ya ba ni mamaki. Manne yake da na maƙwabta hagu da dama, ba zaure, ba tsakar gida, daga ƙofa sai matakala. Filin da ke bayansa bai kai inda mai ɗakina ke shanya kuɓewa ba. Wallahi sai na ji sanyi a raina, na ce ashe Dakta ma a takure yake. Sanyin bai daɗe ba. Ina zaune sai ga wani saurayi dogo ya sauko, ya durƙusa ya ce, "Sannu da zuwa, Baba," da Hausarsa a karkace. Ɗan Sanusi ne, mai sunan mahaifinmu, Abba ake kiransa. Goshin Baba, tafiyar Baba, har yadda yake karkata kai in yana sauraro. Ni 'ya'yana huɗu duk mata, ban samu wanda zan sa wa sunan nan ba. Na sa masa albarka, amma da baki kawai.

Maryam matar Sanusi ta kyauta min, ta tuƙa tuwo ta kaɗa kukar da na kawo. In an fita waje ne ake shan wuya. Burodi mai sanyi da ɗanyen ganye a ciki, shi ne abincin rana. Akwai kifi da dankali da suke ji da shi, ba barkono ba gishirin kirki, sai wani ruwa mai tsami da ake yayyafawa. Maƙwabcinsu wani tsoho ne, kullum da safe sai ya ce min ana sanyi, ni ma in ce ana sanyi. Ranar da na sa Abba ya tambayar min shi ina iyali, ina gajiya, yaya ya ji da jiki, sai mutumin ya ja da baya yana kallona kamar na zo karɓar haraji.

Maganar gona kuwa ta ƙi samun wuri. Sanusi ya fita tun duhu-duhu, ya dawo a gajiye ya yi barci a kan kujera. Sai ranar hutunsa ya ce, "Yaya, yau zan kai ka ka ga gidan wani basarake na da, na san za ka so wurin." Muka tafi mu uku da Abba.

Daga ƙofar shiga zuwa gidan kansa tafiya ce a mota. Hagu ciyawa, dama ciyawa, har iya ganinka, ba kunyar noma ko ɗaya. Tumaki ne kawai da wasu barewa suna kiwo. Na ce a tsaya in taka da ƙafata. Na tsuguna na tona da yatsa, ƙasa baƙa wuluk mai danshi, irin wadda in ka jefa ƙwayar dawa ka juya baya za ta tsiro. Na ce, "Sanusi, duk wannan na mutum ɗaya ne?" Ya ce na mutum ɗaya, kuma wanda ba mu gani ba ya fi wannan yawa. Na miƙe ina tafe ina kallon nesa, ina ƙiyasta damman da za a ɗaure a nan, sai ji na yi ƙasa ta ƙare a ƙarƙashina. Na gangara cikin wani rami mai tsawo, hulata gefe, takalmi gefe. Ashe iyaka ce. Maimakon su yi shinge sai suka haƙa rami suka gina bango a cikinsa, don tumaki kada su ƙaraso gida, kuma don in mai gidan ya leƙo ta taga kada ya ga inda ƙasarsa ta tsaya. Abba ya jawo ni yana ta ba ni haƙuri, Sanusi kuwa dariya ta hana shi magana.

A cikin gidan wata tsohuwa Baturiya ce ke zagayawa da baƙi, Sanusi yana fassara min. Ta ce wanda ya gina gidan ya yi zamani ne a ƙarni na sha takwas, wato tun Haɓe na sarautar Kano. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, ni dai Mai Hular Gashi nake ce masa, don a hotonsa wata hula ce ta farin gashi a kansa, nannaɗe har kafaɗa. Ta ce manyansu na lokacin aske kansu suke yi su sa gashin wani, su barbaɗa masa farin gari. Ta kai mu taga ta nuna wani tafki, ta ce da can ƙauye ne a wurin, shi ya tashe shi ya mayar da mutanen bayan tudu saboda gidajensu suna ɓata masa kallo. Na tuna yadda muka yi shekara muna shari'a da maƙwabcina a kan kunya ɗaya.

Daga nan ta bi da mu matakala, inda hotunan zuriyar suke jere a bango. Ga kakansa, wanda ya goyi bayan sarkinsu a wani yaƙi aka saka masa da sarauta da ƙasa. Ga ubansa, wanda ya auri 'yar wani attajiri ya haɗa ƙasarta da tasa. Ga shi kansa, ya dafa sanda, ya cika bango guda. Can a lungu kuma ga wasu ƙananan hotuna uku. Na tambaya su wane ne, ta ce ƙannensa. Na ce to ina nasu rabon? Sanusi ya fassara, tsohuwar ta girgiza kai. Ta ce a al'adarsu ba a raba ƙasar basarake. Babban ɗa ke ɗaukar sarauta da gida da gonaki gaba ɗaya, sauran kowa ya nemi hanyarsa. Ɗaya ya shiga soja, ɗaya ya hau jirgin ruwa zazzaɓi ya kashe shi a wata ƙasa mai zafi, ƙaramin aka ba shi limancin wani ɗan coci a ƙauye.

Jama'a, ban taɓa kishin mamaci ba sai ranar. Na tsaya a gaban hoton nan ina kallon mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba, bai roƙi kowa ba, bai hau jirgi ya je lallashin ƙaninsa ba, don kawai ya riga su zuwa duniya aka tattara komai aka ba shi. Na zunguri Sanusi na ce, "Ka ji ko? Da a nan Baba ya haife mu, da ni ne mai gidan nan, kai kuma ga hotonka can a lungu." Ya yi dariya ya ce, "Da kuwa ka sha hular gashi, Yaya." Ni ba wasa nake ba. A raina na ce yau na samu ƙofar da zan shigo masa da maganar.

Ɗaki na gaba wani babban hoto ne, Mai Hular Gashi a zaune da matarsa, 'yan mata uku a tsaye a bayansu, ƙaramar tana riƙe da ɗan kare. Na ce ina mazan? Tsohuwar ta ce bai samu namiji ba. Na ce to da ya mutu 'yan matan suka gaji gidan ke nan. Ta ce a'a. Ƙasar nan ba tasa ba ce da zai bai wa wanda ya so, riƙo aka ba shi, kuma tun zamanin kakansa aka ɗaure ta a kan maza. Da ya mutu sai aka aika aka ɗauko ɗan ƙaninsa, ɗan limamin cocin nan, saurayin da bai fi sau ɗaya ko biyu ya taka gidan ba. Shi ya zama mai gida. Uwar da 'ya'yanta aka ba su ɗan abin da za su riƙe kansu, aka mayar da su wani ƙaramin gida a bakin ƙofa. Babbar ta yi aure ta tafi, sauran biyun a can suka tsufa, in suna son shiga lambun da suka yi wasa a ciki sai sun aika an tambayi ɗan'uwansu.

Na ce, "Mugu ne yaron?" Ta ce ko kaɗan, an ce ma yana aika musu da itacen wuta duk lokacin sanyi. Na juya na ga Abba a bayana, ya karkata kai yana sauraro.

Ƙaramin gidan yana nan har yanzu, a cikinsa ake sayar wa baƙi shayi. Can Sanusi ya kai mu muka zauna. Rufin ya yi ƙasa har sai da Abba ya sunkuya, kuma ta tagar kana hango babban gidan can nesa a kan tudu. Aka kawo shayi tsararo. Ban kai ga buɗe baki ba Sanusi ya riga ni.

Ya ce, "Yaya, na san abin da ya kawo ka, Ladi ta gaya min. Na yi tunani, na janye maganar rabo. Kai ka wahala a gonar nan. Ka riƙe ta duka iya rayuwarka, ba mai taɓa ka. Bayan nan Abba ya san yadda zai yi da 'yan'uwansa."

Abba ya gyara zama ya ce, "Zan kula da su, Baba. Ina so ma in yi gonar zamani a wurin, da injin ban ruwa."

Ga abin da na tsallako duniya dominsa, an miƙo min shi ban ko roƙa ba. Amma sai Rabi ta faɗo min a rai, 'yata ta biyu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da yara uku. Na san shari'armu ba tasu ba ce, 'ya mace tana da rabonta ba mai hana ta. Sai dai na ga yadda ake yi a ƙauye in gado ya kwana a kan gado. Wace ce a cikin 'ya'yana za ta tsaya a gaban baffanta da ɗansa ta ce a auna mata? Kunya ma ba za ta bar su ba. Kuma abin da ba a raba ba, ba ni da ikon in ɗauka in ba wa kowa kyauta ina raye. Yaron nan ba mugu ba ne, na tabbata zai aika musu da buhun masara duk kaka.

Na ce, "Sanusi, a raba."

Ya ajiye kofi ya ce, "Yaya, ko ban faɗa daidai ba ne? Cewa na yi na bar maka."

Na ce, "Na ji ka sarai, Allah ya yi maka albarka. A raba kafin ruwa ya sauka."

Ya kalle ni, sannan ya kalli taga, ya ce to. A hanyar komawa Abba ya tambaye ni ko ya faɗi wani abu ne da bai kamata ba. Na ce masa bai faɗi ba.

Da na dawo aka sa rana. Liman ya zo, mai unguwa ya zo, Ladi ta zo daga Ɗambatta, mijinta ya tsaya wa Sanusi. Aka ja igiya aka fitar wa Ladi nata, aka raba sauran biyu aka jefa ƙuri'a. Ɓangaren rijiya da mangwaro ya faɗa wa Sanusi. Na ji kamar an zare min haƙarƙari. Mutumin da bai san ranar da aka haƙa rijiyar ba, bai taɓa kai wa mangwaron ko tulu ɗaya ba, shi da yake can yana cin burodi da ganye. Har yau in na bi ta wurin sai na kau da kai, kuma duk wanda ya ce muku na daina kishin Dakta bai san ni ba.

Kafin mutane su watse na ce Liman ya dakata. Na ware ɗan abin da zai riƙe ni da mai ɗakina, sauran na sa aka sake jan igiya gida huɗu, na ba wa 'ya'yana a gaban shaidu, kowacce ta taka nata ta karɓa. Gandun da ake yini ana nomansa ya koma fale-fale kamar an yanka alkaki.

Rabi ta tsaya a tsakiyar nata da goyo a baya, ta duba gabas ta duba yamma, ta ce, "Baba, riɗi zan sa a nan bana."

Na buɗe baki zan ce mata wurin nan gero ake sawa tun ina yaro, riɗi ba zai yi ba. Sai na rufe bakina.

Na ce, "Gonarki ce."